Hannun Gwaggo Tambaya

A kan durom aka yi rigimar. Durom ɗin gumi, rabin ganga mai baƙin gindi, wanda ko a bakin hanya ka yar da shi ɓarawo ba zai waiwaye shi ba. Mai hannun ce ta ba ni labarin da bakinta, abin da ta kasa faɗa kuma ƙawarta Kulu ta cika mini.

Tambaya ƙanwar Malam Sani ce. Tun da mijinta ya rasu ta dawo gidan yayan nata, a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure, bayan kanal ɗin da ke kawo ruwa daga Tiga. Sana'arta gumi: ta jiƙa shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, ta turara ta a durom, ta kai fili ta shanya, sannan a kai inji a casa. Da hannunta na dama take ci, da shi take sha, ba ta taɓa miƙa wa kowa shi don roƙo ba.

Shekarar ce tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta faɗa wa tumatir. Daga Kadawa har Bunkure ba ka ganin kowa sai da abin feshi goye a baya da fuska a murtuke. Wata rana da hantsi Hambali, babban ɗan Malam Sani, ya shigo gida, taɓo har gwiwa, shebur a kafaɗa.

"Gwaggo, juye shansherar nan. Zan haɗa magani a durom."

"Wane magani?"

"Na feshi mana. Robarmu ta fashe."

"A durom ɗin da nake dafa abin da mutane za su ci? Kai Hambali, ka ji tsoron Allah. Guba ce fa."

"Zan wanke."

"Ko da ruwan Tiga duka za ka wanke, ba a nan ba."

"Gona na mutuwa, kina yi mini maganar durom!"

Ya kama bakin durom ya ja, ita ma ta riƙe. Ruwan zafi ya fallatsa masa a ƙafa. Sai ganin shebur ta yi a sama. Ta ɗaga hannu ta kare kanta, gefen ƙarfen ya sauka tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu. Ta ce ƙarar ta fara ji kafin zafin, ƙas, kamar an taka busasshen kara.

Zuliha, uwar Hambali, ta fito daga ɗaki tana salati. Kun san abin da ta fara yi? Ba ruwa ta ɗebo ba, ba tsumma ta nemo ba. Zaure ta ruga ta ja ƙyaure ta sa sakata.

Kafin azahar Malam Sani ya dawo daga gona, ya aika aka kira autansu Ɗanbaba, dillalin tumatir a Kwanar Gafan. Tambaya na zaune jingine da bango, zani ya jiƙe da jini, hannun ya lanƙwashe a wurin da Allah bai yi gaɓa ba.

"Yaya, a kai ni asibiti," in ji ta.

"Asibiti?" Ɗanbaba ya tsuguna ya leƙa ciwon, ya kau da kai. "Yaya Tambaya, wannan ko makaho ya shafa ya san ƙarfe ne. Likita zai tambaya. Daga likita kuwa sai ɗan sanda."

Ya juya wurin Malam Sani, ya sassauta murya. "Ni na zauna a kotu, lokacin da 'yan dakonmu suka fasa wa juna kai, na ji da kunnena. Rauni hawa biyu ne a wurin hukuma. Akwai ƙarami, wannan da ban haƙuri yana iya wucewa. Akwai mai tsanani: a karya ƙashi, a fasa ido, a raba mutum da wata gaɓa, ko a ji masa ciwon da zai yi kwana ashirin bai iya sana'arsa ba. Wannan shekaru ne a gidan yari. In da ƙarfe aka yi kuwa, sai abin da alƙali ya gani."

Zuliha ta ɗora hannu a ka. "Na shiga uku. An sa wa yaron nan rana fa, bayan ɗibar tumatir."

Malam Sani ya daɗe yana kallon hannun. Can ya ce, "To ai wannan ba karaya ba ce. Targaɗe ne."

Ya dubi Zuliha, ya dubi Ɗanbaba.

"Targaɗe ne," ya sake faɗa. "Santsi ya kwashe ta a bakin kanal, ta faɗa kan gwangwani."

"Kuma ba za ta kwanta ba," in ji Ɗanbaba. "Kullum a gan ta a bakin aikinta. In ma magana ta fita daga baya, gari ne shaida: ko yini ɗaya ba ta fasa gumi ba."

Akwai maɗori a garin, Salisu, hannunsa da albarka. Amma Salisu in ya taɓa ƙashi sai ya kira shi da sunansa, kuma kafin la'asar teburin mai shayi ya ji. Saboda haka Malam Sani ya ce shi zai yi, ai ya taɓa ɗora ƙafar tunkiya ta tashi ta yi tsalle. Ya fasa kafso ya barbaɗa garin a ciwon. Ya fere karare ya jera. Ya naɗa tsumma, jini ya ɓullo. Ya ƙara wani, jini ya ɓullo. Sai ya sa hannu a aljihu ya zaro roba, irin ta tayar babur da suke tsagawa suna ɗaure bakin tiyo a jikin injin ban ruwa don kada ya yi yoyo. Ya naɗa ta kamar yadda ya saba a gona: ja, zagaya, ja, zagaya, har sai ɗigo ya tsaya.

Ɗigo ya tsaya kuwa.

"Kin gani?" in ji shi. "Allah ya ƙara sauƙi."

Washegari da safe Zuliha ta zura mata wani dogon hijabi har ƙasa, ta ɗaukar mata kwanon shanshera, ta raka ta filin shanya a bakin titi, inda matan gumi ke hura wuta suna baza tamfol. Ba ta koma gida ba. Ta sami gindin darbejiya ta zauna, wai tana taya ta korar awaki.

Kulu ce ta fara tsokana, mace ce mai baki kamar rediyo. "Ikon Allah! Tambaya, Makka za ki ne da wannan hijabi, ko wani Alhaji ya ce zai biyo ta titi?"

"Santsi ne ya kwashe ni a bakin kanal," in ji Tambaya. "Ɗan targaɗe ne."

"Tsufa dai! Mu gani."

"Ana magani," Zuliha ta amsa daga inuwa. "An ce kada iska ta taɓa."

Mata suka yi mata sannu, kowa ta koma kan tamfol ɗinta. Tambaya ta yini tana baza shinkafa da ƙafa, tana tura itace da hagu. Duk bugun zuciya sai ta ji shi a hannun, kamar ana daka a ciki.

Yatsun suka fara kumbura. Suka yi sumul, suka yi ƙyalli, zoben azurfarta ya nutse cikin nama har ba a ganin sa. Da ta tari Malam Sani yana alwala ta ce, "Yaya, don Allah a sassauta robar nan. Ji nake kamar hannun zai fashe."

"In an sassauta ɗorin zai goce."

"Ɗori kuma, Yaya? Ba targaɗe ba ne?"

Ya ajiye buta, ya sa takalmi, ya fita ko ƙafa bai wanke ba.

Zuliha kuwa ba da faɗa take zuwa ba, da taushi take zuwa, da kunu a kofi. "Gwaggon yara, daure ki sha. Ɗanki ne fa. Ke kika goya shi lokacin da na kwanta ciwo, a bayanki ya yi haƙori. Sharrin shaiɗan ne da zafin tsutsar nan, tun ranar ko abinci ba ya ci. In aka tafi da shi wa zai tayar da inji? Malam ƙarfinsa ya ƙare. Tumatir ya bushe, auren ya watse, mu duka mu shiga uku, har da ke. Hannunka ai ba ya ruɓewa ka yanke ka yar."

Tambaya ta dubi abin da ke ƙarƙashin hijabinta. Ta ture kunun.

Ba wai ba ta da baki ba ne, 'ya'yana. Tsoro ne ya kama ta ta gaba da ta baya. In ta yi shiru, ga hannu yana sauya launi kullum. In ta yi magana, ita ce gwaggon da ta ɗaure ɗan yayanta ana saura kaɗan aurensa, kuma gidan nan ne kaɗai inda take da ɗaki a duniya. Da Zuliha ta juya baya sai ta ɗaga hijabi ta leƙa, ta yi maza ta rufe. Yatsun sun tashi daga ja sun koma ruwan ƙasa, farcen ya yi shuɗi.

Wata rana da yamma suna dawowa daga fili, Zuliha ta tsaya gaisawa da wata, sai ga Hambali a kan babur a kwanar kanal. Tun ranar da abin ya faru bai yarda sun haɗa ido ba. Ya kashe babur, kansa a ƙasa.

"Gwaggo, wallahi ban san na ɗaga ba."

"Na sani, Hambali. Na yafe maka duniya da lahira. Ɗauke ni yanzu ka kai ni asibiti. Ka ajiye ni a ƙofa ka tafi, ba zan ambaci sunanka ba."

Ya dubi hanyar Kura, ya dubi inda uwarsa take.

"Baffa Ɗanbaba ya ce da sun gani za su gane. Gwaggo, ɗaure ni za su yi. Ban taɓa kwana a rufe ba."

"Ni ma ban taɓa zama ba hannu ba."

Hawaye suka zubo masa. Ya laluba aljihu ya miƙa mata katin ƙwayar kashe zafi, ya tayar da babur ya yi gona.

Sai kuma ciwo ya tsaya.

Ta tashi da safe ta ji shiru a hannun. Babu daka, babu zugi, babu komai. Da ta faɗa, gida ya ɗauki murna. Malam Sani ya ce, "Alhamdu lillahi, ba na gaya muku ba? Tunkiyar ma haka ta yi." Zuliha ta ce za ta yi sadakar ƙosai ranar Juma'a. Ɗanbaba ya leƙo daga zaure ya ce a dai ci gaba da fita fili, kada a yi sake.

Ita kaɗai ce ba ta yi murna ba. Ta shiga ɗaki ta ce wa yatsun su motsa, suka ƙi. Ta taɓa su da hagu, ta ji su sanyi ƙalau kamar na wani. Ga kuma wani wari da ya fara tashi, mai ɗan zaƙi-zaƙi, irin na tumatirin da ya kwana a ƙasan kwando. Zuliha ma ta ji shi. Sai ta kawo kasko ta turara hijabin da turaren wuta kafin su fita.

Ƙuda ba ya jin turare. A fili suka yi ta bin ta, suna sauka a gefen damanta kawai. Rana na tsaka tana dukan kowa, ita kuwa haƙoranta na kaɗawa don sanyi.

"Tambaya, lafiyarki kuwa?" in ji Kulu. Yau babu tsokana a muryarta.

"Zazzaɓi ne kaɗan."

Ta durƙusa gaban wani durom da ke filin tana tura ɓuntu cikin wuta da hagu. Jiri ya ɗebe ta, ta dafa ƙasa, hannun daman ya zamo daga cikin hijabi ya sauka a gefen murhu. Ba ta sani ba. Tana nan durƙushe tana jiran jirin ya wuce, sai ta ji ƙauri, kamar ana babbakar ƙafar akuya. Har ta waiwaya tana neman mai babbaka. Sannan ta duba ƙasa.

Yatsunta biyu ne a kan garwashi, suna hayaƙi.

Kulu ta kurma ihu, ta fizgo ta baya, ta yaye hijabin. Matan da suka rugo suka ja da baya suna toshe hanci. Daga robar zuwa ƙasa hannun ya yi baƙi ƙirin kamar ɗinya, fata ta yi ƙuraje masu ruwa, tsumman ya manne.

"Inna lillahi! Wa ya ɗaure mutum da robar tiyo? Wannan ne targaɗen?"

Zuliha ta iso tana haki, ta ja hijabin ta rufe. "Ana magani, na ce! Ya ma daina ciwo. Tashi mu je gida, Gwaggon yara, Malam zai duba."

"Gidan wa?" in ji Kulu. "Wallahi sai dai a bi ta kaina. Ke Dije, tare mana mota!"

Wata a-kori-kura ce ta tsaya, ta sauke tumatir tana komawa ba kaya. Tambaya ta miƙe da ƙyar. Zuliha ta damƙe gefen hijabinta da hannu biyu, ta kawo baki kusa da kunnenta.

"In kika shiga motar nan kin ɗaure shi. Ki dubi Allah. Ki dubi gidanku."

Tambaya ta tsaya. Idonta na kan hanyar gida. Ta ce a wannan tsayuwar ta ga Hambali yana ɗan yaye, yana jan ɗankwalinta yana dariya. Sannan ta sake jin ƙaurin namanta.

Ta sunkuyar da kai, ta zame daga cikin hijabin, ta bar shi a hannun Zuliha. Ta taka zuwa titi da ɗankwali da zani, baƙin hannun a waje, duk filin yana kallo.

A asibitin farko ko zama ba su bari ta yi ba, suka ce a wuce Kano. A can likita ya sa almakashi ya datse robar. Ya ce wa Kulu, da ranar da abin ya faru aka kawo ta, da wanki da ɗinki da ɗori sun isa. Yanzu kuwa ruɓar ta kama hanyar sama, ko hannu ko rai.

A saman gwiwar hannu suka yanke.

Da ta farfaɗo ta iya zama, sai ga ɗan sanda a gefen gado, don likita ya ga saran ƙarfe a ƙashin ya kuma sanar. Malam Sani da Ɗanbaba na tsaye daga ƙafar gado, sun zo da ayaba a leda.

"Mama, sannu. Me ya sami hannunki?"

"Santsi ne, Yallaɓai," Malam Sani ya riga ta. "A bakin kanal."

"Kuma ko yini ɗaya ba ta kwanta ba," in ji Ɗanbaba. "A tambayi kowa a garin, kullum tana bakin aikinta."

Ɗan sandan ya dube shi, ya dubi naɗin bandeji a inda hannu yake a da. "Malam, tun lokacin da ƙashin ya karye ya zama rauni mai tsanani, ko ta kwanta ko ta yi rawa. Yanzu kuma ga gaɓa ta tafi. Ba ku na tambaya ba." Ya juya. "Mama, wa ya yi miki?"

Tambaya ta ce ba ta taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba, ko a gaban garwashin. Yayanta na kallon ta da idon da yake kallon ta tun suna yara, in ya yi ɓarna yana so ta rufa masa. Ta kai hannu za ta gyara ɗankwali, sai kafaɗar ce kawai ta motsa.

"Karyawa dai, Hambali ne ya karya, da shebur," in ji ta. "Fushi ne, kuma na yafe masa. Amma yankewa, ɗana, ba shi kaɗai ba ne. Gida guda aka taru aka yanke. Likita wuƙa kawai ya riƙe."

Ledar ayaba ta faɗi daga hannun Malam Sani.

An tafi da Hambali, an kira uban da baffan su ma sun yi bayani, magana tana gaban alƙali. Tumatirin da aka ce zai bushe bai bushe ba, maƙwabta sun tayar da inji. Auren ne dai aka ɗaga. Tambaya tana ɗakin Kulu yanzu, tana koyon cin tuwo da hagu, har yau in ta kai loma baki sai ta ce astagfirullah. A garin akwai masu cewa ta tona asirin gidansu. Masu faɗar haka duk da hannu biyu suke tafa maganar.

Ni dai abin da ya tsaya mini a rai shi ne, babu wanda ya ƙi Tambaya a gidan nan. Kunu aka dama mata, turare aka turara mata, addu'a aka yi mata. Dokar da aka yi don ta kare hannunta ita suka ji tsoro, suka tsaya auna ta suna neman ƙofar da ɗansu zai bi ya fita, ba wanda ya tsaya ya auna yatsun da ke baƙi a gabansa. Ciwon da ka hana shi sunansa ba ya fasa zama abin da yake. Robar da ke tsayar da yoyon tiyo, a jikin mutum rai take tsayarwa. Kuma duk gidan da aka ji wa mutum rauni aka fara rugawa wurin sakata kafin wurin mai raunin, to an riga an zaɓi wanda za a ceta.

Durom ɗin na nan a kife a tsakar gidan Malam Sani, kaji na hawa. Ba a taɓa haɗa maganin feshi a cikinsa ba. Ta tsare wa mutanen da ba ta sani ba shinkafarsu. Ita ce ba a sami mai tsare mata hannu ba.